Yadda Ake Kwatanta Manyan Hedifon Masu Katako: Kunne Tukuna, Sannan Ido

Duk wanda ya riƙe hedifon mai ƙoƙon katako a hannunsa, da wuya ya ajiye shi bai shafa shi sau biyu ba. Katako yana da ɗumi a tafin hannu, yana da zanen da ba a samun irinsa a jikin wani, ko da daga bishiya ɗaya aka yanko su. Illar abin ita ce ido yana riga kunne yanke hukunci. Ka ga jan katako yana sheƙi, tun kiɗa bai tashi ba zuciyarka ta gama faɗa maka cewa sautinsa mai kauri ne mai daɗi. Waɗannan kaya kuwa ba na araha ba ne, bai kamata mutum ya zuba kuɗinsa a kan abin da idonsa ya ji ba. Shi ya sa nake raba aikin gida biyu: a saurara ba a duba ba, a duba ba a saurara ba, sai daga baya a haɗa sakamakon. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: san abin da ke cikin ƙoƙon

Kafin ka ɗora komai a kai, juya shi ka dubi bayansa. Idan akwai raga ko ramuka da kake hango abin da ke ciki, buɗaɗɗe ne. Idan katako ya rufe bayan ruf, rufaffe ne. Wannan bambanci ya fi nau'in katakon muhimmanci nesa ba kusa ba, domin tantanin da ke fitar da sauti gaba da baya yake kaɗawa, yana tura iska ta fuska biyu. A buɗaɗɗe, sautin baya ficewa yake yi ya tafi abinsa, katakon kuma zobe ne kawai da ya kewaye lasifikar. A rufaffe kuwa sautin bayan yana bugun bangon ƙoƙon ya dawo, don haka girman ramin, da siffarsa, da abin da aka cusa a ciki don ya shanye amo, duk suna da hannu a abin da kake ji.

Kamfanin Grado na Brooklyn a Amurka, wanda aka kafa a 1953, ya daɗe yana yin buɗaɗɗun hedifon da katakon mahogani. Audeze ma ya kewaye LCD-2 ɗinsa da zoben katako, wani na rozwud wani na gora. A ɓangaren rufaffu akwai Fostex TH900 na Japan, da Denon AH-D7200 mai katakon walnat, da AH-D9200 mai gora, da Meze 99 Classics na ƙasar Romaniya wanda shi ma walnat ne. Kada ka jera buɗaɗɗe da rufaffe ka ce katako kake kwatantawa. Gini biyu daban kake kwatantawa.

Sai ka tambayi irin lasifikar ciki. Mafi yawa tantani ne da naɗin waya da maganaɗisu, irin na lasifikar da kowa ya sani. Akwai masu shimfiɗaɗɗen tantani siriri da aka ja layukan waya a jikinsa aka sa shi tsakanin jerin maganaɗisu, irin na Audeze da HiFiMan. Akwai kuma masu aiki da tsayayyen caji irin na Stax, waɗanda ba sa aiki sai da amfilifayarsu ta musamman, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya shiga hedifon. Rubuta wannan a takarda tare da ohm ɗin kowanne, wato ma'aunin turjiyarsa ga wutar lantarki, za ka buƙace shi nan gaba kaɗan.

Mataki na biyu: daidaita abin da ke bayansu

Tushe ɗaya, amfilifaya ɗaya, waƙoƙi iri ɗaya. Idan ka ji wannan ta wayar hannu, wancan ta babbar na'ura, ba ka gwada komai ba. Ka samo fayilolin da ba a matse su ba, masu ingancin faifan CD ko sama da haka, ka kashe duk wani gyaran sauti da ke cikin manhajar.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa shi ne dacewar amfilifaya da hedifon. Sennheiser HD 600 ohm 300 ne, haka ma Verite da Atrium na kamfanin ZMF. Fostex TH900 kuwa ohm 25 ne, Meze 99 Classics ohm 32. Masu ohm da yawa sun fi neman ƙarfin boltej, masu kaɗan sun fi jan wuta. Akwai kuma ƙa'idar da masu harkar suka daɗe suna bi: turjiyar bakin amfilifaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedifon. Idan ta wuce, sautin ƙasa, wato mai kauri da ake kira bes, yakan kumbura ya saki jiki, musamman a masu naɗin waya, sai ka ɗora wa hedifon laifin da ba nasa ba. Amfilifayar da bakinta bai kai ohm 2 ba za ta yi wa kusan kowa adalci.

Ɗaki ya zama shiru. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki suna cinye sautin ƙasa, kuma buɗaɗɗen hedifon suka fi cuta, tunda shi ba ya tare komai.

Mataki na uku: daidaita ƙarfin sauti

A nan zan daɗe, domin a nan ne yawancin kwatance ke lalacewa. Kunnen ɗan Adam ba ya jin kowane amo daidai wa daida. Tun 1933 masu bincike biyu, Fletcher da Munson, suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne yana rasa mai kauri da siriri fiye da na tsakiya, idan aka ƙara kuma su dawo. Ma'anar wannan a aikace ita ce, duk hedifon da ya ɗan fi ɗan'uwansa ƙara, ko da desibel ɗaya ne (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), zai zo maka kamar ya fi cika, ya fi tsabta, ya fi rai. Ba za ka ce “ya fi ƙara” ba, cewa za ka yi “ya fi kyau”. Tunda kuma kowane hedifon da yadda yake amsa wuta, barin maɓallin murya a wuri ɗaya ba daidaitawa ba ne ko kusa.

Ga abin da za ka yi. Samo ma'aunin ƙara, ko manhajar auna ƙara a waya idan babu. Yanko kwali mai kauri wanda ya fi kushin kunnen faɗi, ka huda rami a tsakiya daidai bakin makirfon. Manna kwalin a kan kushin yadda iska ba za ta fita ta gefe ba, ka tura makirfon ta ramin. Kunna ƙarar gwajin nan mai kama da zubar ruwan sama, wadda ake kira “pink noise”, wato ƙara mai ruwan hoda, a harkar sauti. Ta fi amo guda na 1,000 Hz (mai kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa) amfani a nan, saboda wani hedifon yana da tudu ko kwari daidai wurin, sai ya ruɗe ka. Juya maɓalli har ma'auni ya nuna, a ce, desibel 75. Sa alama da ɗan tef a jikin maɓallin, ko ka rubuta lambar idan amfilifayar tana nunawa. Maimaita da na biyu, da kwali ɗaya, da matsi ɗaya. Ka yi ƙoƙari tazararsu kada ta wuce rabin desibel.

Ba lallai ne lambar da wayar ta nuna ta zama gaskiya tsantsa ba, abin da kake nema shi ne su biyun su nuna abu ɗaya. Amma kada ka yi wasa da kunnenka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin aminci ga babba a desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. Ranar gwaji mutum yakan daɗe yana saurare, kuma hannu yana son ƙara murya a hankali ba tare da an lura ba. Kunnen da ya gaji kuwa ba ya shari'a.

Mataki na huɗu: kawar da ido

Ba zai yiwu ka rufe wa kanka komai da komai ba, tunda kai yana jin nauyi, kunne yana jin taushin kushin. Duk da haka, abin da ya samu ya fi babu. Nemi wani ya taimake ka. Zauna ka ba teburin baya, ka rufe ido, shi ya ɗora maka, shi ya juya maɓalli zuwa alamar da ka sa, kuma kada ya bi tsari ɗaya wajen musanyawa. Kada ka kai hannu ka shafa ƙoƙon. Ka kira su “na farko” da “na biyu”, shi ya riƙa rubuta wane ne wane.

Ka yi musanyar da sauri. Kunne ba ya riƙe ainihin launin sauti sai na daƙiƙu kaɗan, bayan nan abin da ya rage labarin da ka ba kanka ne. Zaɓi gaɓa ta daƙiƙa 20 zuwa 30 a cikin waƙa, ka sa ta riƙa maimaita kanta, ka ji da wannan, ka ji da wancan, ka koma. Waƙoƙi biyar ko shida da ka haddace sun fi ɗari da ba ka sani ba. Ka haɗa da wadda aka ɗauka ba da kyau sosai ba amma kana sonta, domin ita ma za ka saurara idan ka saya, kuma akwai hedifon da ba ya yafe wa irinta.

Mataki na biyar: me ake saurare?

Kada ka tambayi kanka wanne ya fi daɗi tukuna. Ɗauki abu ɗaya a kowane zagaye.

Fara da murya, don ita kunne ya fi sani. Mun taso muna jin mutane suna magana, ko yaya murya ta karkace za mu gane. Saurari namiji mai kaurin murya da mace mai siririya. Muryar ta fito daga ƙirji, ko kuwa kamar ta hanci? Tana gabanka, ko an tura ta bayan kayan kiɗa? Wasu rufaffun hedifon suna da wata cuta ta sa murya ta yi kamar ana magana a cikin tulu, kuma wannan amon ƙoƙo ne da ba a shanye shi da kyau ba. Idan ka ji shi sau ɗaya, ba za ka sake kasa gane shi ba.

Sai sautin ƙasa. A nan tambayoyi biyu ne daban: yawansa, da zurfinsa. Igiya mafi kauri a jitar bes mai igiya huɗu tana kaɗawa a wajen 41 Hz, maɓallin piyano mafi kaurin sauti kuma 27.5 Hz. Akwai hedifon da ke da tudu tsakanin 100 zuwa 200 Hz, ka ji kamar bes ya cika ɗaki, amma da kiɗa ya sauka ƙasa da 50 sai ya ɓace. Akwai kuma wanda ba ya cika kunne amma yana sauka har ƙasa ba ya rawa, kuma masu shimfiɗaɗɗen tantani sun yi suna a nan. Saurari bugun babbar ganga: ta buga ta tsaya, ko tana jan jela har ta hau kan bugu na gaba? Ni dai na fi daraja wanda ke tsayawa cak.

Sai na sama. Lura da haruffan “s” da “sh” da “ts” a bakin mawaƙi. Idan suna sukar kunne, akwai tsini a wani wuri tsakanin 5,000 da 8,000 Hz. Sennheiser HD 800 da ya fito a 2009 ya shahara da faɗin fili, amma an yi ta kuka da tsininsa a wajen 6,000 Hz, har kamfanin ya sa abin da ke shanye shi a cikin HD 800 S. Ka yi hattara a nan, domin tsini yakan yi shigar tsabta. A minti biyar na farko za ka ce yana fito da komai fili, bayan awa ɗaya ka ji kana son cire shi. Tsabta ta gaskiya ita ce ka iya bin ƙaramin kayan kiɗa a bayan manya ba tare da an soka maka shi a kunne ba.

Sai fili da mazauni. Rufe ido ka nuna da yatsa inda kowane makaɗi yake. Suna cikin kanka a cunkushe, ko sun ɗan fita waje? Mawaƙin yana tsakiya daram? Idan ya karkata gefe, juya hedifon ɗin hagu zuwa dama. In karkatar ta bi shi, alhali ɗaya hedifon ɗin ba ya karkata a wannan waƙa da wannan amfilifaya, lasifikunsa biyu ba su yi daidai ba, kuma a kaya mai wannan tsada wannan aibi ne da ya isa a mayar.

Daga ƙarshe kunna amon gwaji mai hawa a hankali daga 20 Hz zuwa sama, da murya ƙasa-ƙasa. Duk inda ya yi tsalle ko ya nutse, rubuta lambar. Duk inda wani abu ya yi zuga ko kakkarwa, to akwai sako-sako, ko gashi ya maƙale a jikin tantani, ko katakon bai zauna da kyau a mazauninsa ba.

Sai bayan ka gama wannan ne za ka je ka dubi zanen awon da masu gwaji suke wallafawa, mai nuna ƙarfin kowane amo daga mai kauri zuwa siriri. Da yawansu suna jera shi da ma'aunin Harman, wanda Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar daga binciken abin da yawancin masu saurare suka fi so. Yana da amfani a matsayin sandar awo, amma ba doka ba ne, kuma kada ka kwatanta zane biyu da aka auna da na'urori daban. Sama da 10,000 Hz kuwa, ka fi yarda da kunnenka, don ko ɗan matsar da hedifon a kan na'urar awo yana sauya zanen.

Mataki na shida: kushin

Wannan gajere ne amma kada ka tsallake shi. Kushin fata da aka rufe ruf yana riƙe bes, mai huji-huji ko na yadi yana sakin iska ya buɗe sauti. Wanda ya tsufa ya lotsa yana kawo lasifika kusa da kunne ya sauya komai. Sandar tabarau ko yawan gashi na iya buɗe kafa, bes ya zube, musamman a rufaffe. Idan ɗaya daga cikin waɗanda kake gwadawa ya sha hannu a wurin nuni, kushinsa ba irin na sabo ba ne. A iya abin da kunnena ya shaida, sauya kushin yana canza sauti fiye da sauya katako, kuma ZMF da kansu suna sayar da kushin iri-iri don wannan dalili.

Mataki na bakwai: yanzu buɗe ido

Cire waya, ajiye takardar sauti a gefe, ka kai hedifon ɗin bakin taga. Hasken rana wanda bai faɗo kai tsaye ba shi ne mai gaskiya, fitilar kanti tana ƙawata komai.

Tambaya ta farko: katako ne har ciki, ko siririn ɓawo aka manna a kan wani abu? Dubi baki da gefe da inda aka huda. A katako na gaske zanen yana bin lanƙwasa, layin da ya taho ta fuska za ka gan shi ya gangara gefe, kuma akwai ɓangaren da ƙananan ramukan jijiyar itacen suke fuskantarka. Idan zanen ya yanke a baki kamar an ja layi, ko ya yi kyau iri ɗaya ta kowace kusurwa, ka yi tambaya. Gora kuwa dole a manna ta sala-sala kafin a sassaƙa, don haka ganin layukan haɗi a jikinta ba aibi ba ne. Abin dubawa shi ne ko sun haɗu ba kafa.

Sai ka jera hagu da dama. Masassaƙi mai kula yakan yanko su daga katako ɗaya, launi ya zo ɗaya, zane ya kalli juna. Ba dole su zama tagwaye ba, amma idan ɗaya ya yi duhu ɗaya ya yi fari, an yi gaggawa.

Nemi tsaga, kuma ka san inda take ɓuya: kewayen ramin da waya ke shiga, wurin kusoshi, da inda ƙarfen da ke riƙe ƙoƙon ya shiga jikinsa. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya binsa, don haka a nan rigimar take. Haska ƙaramar tocila a karkace, ka bi da farce a hankali. Layin zane ba ya kama farce, tsaga tana kamawa.

Sannan shafin da aka yi masa. Mai da kakin zuma suna shiga jikin itace, su bar shi da taushi da ɗan dishi-dishi, kana jin ramukansa a yatsa. Irin wannan yana saurin ɗaukar tabon gumi, amma gyaransa ba wuya. Fenti mai kauri mai sheƙi yana kare katako sosai, sai dai idan ya karce ko ya ɓantare, sai ƙwararre. Karkata shi a haske ka dubi inuwar taga a jikinsa: a shafi mai kyau layin tagar yana fitowa a miƙe, a na gaggawa yana rawa, ko ka ga ƙura ta daskare a ciki, ko fenti ya taru a lungu.

Akwai shafin da ya cancanci a tsaya a kansa, wato urushi na Japan. Ruwan jikin wata bishiya ne ake tatsa, a tace, a shafa siriri-siriri, hawa kan hawa, ana gogewa tsakani. Abin mamakinsa shi ne ba bushewa yake yi da zafi ba, laima yake buƙata kafin ya yi tauri, shi ya sa ake ajiye kayan a ɗaki mai danshi. Shi ne jan nan mai zurfi a jikin Fostex TH900, a kan katakon mizume. Audio-Technica ma sun yi amfani da aikin masu urushi na Echizen a ATH-W3000ANV, wanda suka fitar don cikar kamfanin shekara 50. Idan ka riƙe irin wannan a haske za ka ga launin kamar daga can ciki yake tasowa. Aikin hannu ne na gaske kuma ya cancanci a biya shi, amma hasken rana maƙiyinsa ne, yana dusar da shi.

Ka kuma san cewa launin da ka gani yau ba shi zai zauna ba. Ceri yana ƙara duhu da shekaru, kokobolo ma haka, walnat kuwa haske yake yi idan yana shan rana. Akwai kuma katakon da ake dafawa da ƙaro a cusa masa launi har cikin jijiya. Wannan ya fi jure sauyin yanayi, ya fi nauyi, amma a hannu ya fi kusa da roba.

Tambayi asalin itacen. Tun Janairun 2017 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa duk dangin rozwud, har da kokobolo, cikin itatuwan da ake sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe, rozwud na Brazil kuwa tun 1992 yake cikin jerin da ya fi tsanani. An sassauta wa ƙananan kayan da aka gama ƙerawa a 2019, amma kamfani mai mutunci ba zai ji nauyin gaya maka inda ya samo katakonsa ba. Bishiyar da ta yi shekaru aru-aru tana girma ta fi ƙarfin a sare ta a ɓoye don ado.

Mataki na takwas: shin katakon yana magana?

Wannan ce tambayar da ake ta ja-in-ja a kanta, kuma hanyar amsa ta ɗaya ce: samfuri ɗaya, lasifika ɗaya, kushin ɗaya, katako daban. Fostex TH-X00 ya fito da mahogani, da eboni, da wani katako mai ruwan shunayya, ZMF kuma sukan fitar da samfuri ɗaya da itatuwa iri-iri. Idan ka samu irin wannan dama, koma mataki na uku da na huɗu ka bi su ba ragi.

Akwai dalilin da zai sa a ji bambanci. Walnat bai wuce kilo 600 zuwa 650 a kowace kubik mita (mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri) ba, kokobolo kuwa ya haura 1,000, har yana nutsewa a ruwa. Bango mai nauyi da tauri ba ya kaɗawa kamar marar nauyi, kuma ba ya mayar da amo iri ɗaya. Ƙwanƙwasa ƙoƙon da gaɓar yatsa yana kanka, za ka ji wani ya yi ƙwal ya daɗe, wani ya yi dum ya mutu nan take. Sai dai hedifon ba jita ba ne. A jita ana son jikin katako ya yi waƙa, a hedifon kuwa yawancin maƙera so suke ƙoƙo ya yi shiru, shi ya sa suke cusa ulu da soso a ciki. Ko Sony MDR-R10 na 1989, wanda ake ta ambaton tsohon katakon keyaki da aka yi shi da shi, sunansa bai tsaya a kan itacen kaɗai ba: akwai tantaninsa na musamman da siffar ramin da aka sassaƙa a ciki.

Ra'ayina shi ne a rufaffe bambancin yana nan amma ƙarami ne, a buɗaɗɗe kuwa da ƙyar ne. Ka tuna kuma ko guda biyu masu katako iri ɗaya daga layi ɗaya ba sa fitowa daidai ɗari bisa ɗari, don haka abin da ka ji zai iya zama na lasifika ne, ba na itace ba. Idan a makance ba ka iya ware su akai-akai ba, to zaɓi da ido, hankalinka kwance.

Mataki na tara: ɗora shi ka manta da shi

Gwajin sauri yana nuna bambanci, doguwar zama tana nuna wanda za ka iya rayuwa da shi. Ba kowanne awa ɗaya ko biyu, a ranaku daban in da hali, kana jin kiɗa kamar yadda ka saba. HD 600 da Meze 99 Classics kowannensu wajen giram 260 ne, TH900 wajen 400, manyan Audeze kuwa sun haura rabin kilo, kuma katako mai nauyi yana ƙara wa wuya aiki. Lura da tsakiyar kai, da muƙamuƙi, da zafin kunne. Lura kuma da hannunka: idan kana yawan rage murya, akwai abin da ke damunka a sautin ko da ba ka iya kiran sunansa ba.

Yanzu ɗauko takardun biyu. Idan wanda ya ci a kunne shi ya ci a ido, magana ta ƙare. Idan suka saɓa, dubi girman tazarar. In ƙarama ce a sauti, ba laifi ka bi katakon da zuciyarka ta kwanta da shi, tunda abu ne da za ka riƙa ɗauka kullum, kuma aikin masassaƙi ma abin biya ne. In babba ce, bi kunne. Kafin ka biya, tambayi abu uku: ana samun kushin na canji, wayar tana cirewa, kuma garantin ya haɗa da tsagewar katako ko bai haɗa ba. Na ukun nan a sa maka shi a rubuce.

Idan ya shigo hannunka, ajiye shi inda laimar iska take tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Ƙaramin ma'aunin laima a cikin akwatinsa ya wadatar, kuma a lokacin da iska ta bushe ƙarau akwai 'yan fakitin daidaita laima irin na masu ajiye jita. Kada ka bar shi a mota, ko bakin taga, ko kan amfilifaya mai zafi. Goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi bayan ka cire, kada ka kusance shi da sinadarin goge-goge mai barasa ko turare, don suna cin wasu nau'ikan fenti. Mai shafin mai kaɗai ake ƙara wa kaki, shi ma ɗan kaɗan, irin wanda maƙerin ya ambata, kuma ka toshe ragar da yatsa ko takarda kada ya shiga wurin tantani.